Kunne Takwas a Bayan Firam

Auta ta bar gurbin da babbar jami'a ta ba ta. Ranar Litinin da ƙarfe tara da rabi na safe ta miƙa takardunta a wata ƙaramar kwalejin fasaha da ke bayan tashar mota a gari na gaba, inda za ta yi shekara uku tana koyon gyaran na'urorin asibiti. Mahaifinta ne ya raka ta, shi da ya shafe kwana uku yana cewa sam bai yarda ba. Shi ya riƙe mata ambulan a mota, shi kuma ya ara mata biro da nata ya ƙi rubutu.

Mahaifin nan sana'arsa yin firam. Shagonsa na kan wani layi mai shaguna a jere, tsakanin mai gyaran agogo da mai fotokwafi, kuma shekara ashirin da shida ke nan yana wurin. Kowa Mai Firam yake ce masa, har matarsa idan ta so tsokana. Yana sa hoton biki a firam, da hoton mamaci, da madubi, amma abin da ke riƙe da shagon shi ne takardun shaidar kammala karatu. Daga an yaye ɗalibai har wata biyu teburinsa ba ya rabuwa da su.

Gaban firam mai kaya ne ke zaɓa: launin katako, faɗinsa, gilashi mai sheƙi ko marar sheƙi. Baya kuwa ba mai tambaya, don haka shi ke yanke hukunci, kuma hanya biyu yake rufe shi. Ta farko, ya kafa kwali, ya bi shi da ƙananan ƙusoshi, ya shafa gam ya manne da takarda mai kauri. Wannan ba ƙura ba ƙwaro, sai dai duk mai son ciro takardarsa sai ya yi ɓarna. Ta biyu, ya huda katakon wuri takwas, biyu a kowane gefe, ya ɗaura wasu 'yan ƙarafa masu juyawa waɗanda shi yake kira kunne. Da farce ma ana iya juya su a zare kwalin.

Ba ya tambayar kowa wanne yake so. Takardar kawai yake karantawa, kuma ba sunan makarantar da ke sama ba, layin ƙasa, inda aka rubuta abin da mutum ya karanta. In ya ga aikin jinya, ko awon ƙasa, ko haɗa magunguna, sai ya jawo gam. In kuma ya ga irin karatun da ya san mai shi zai yi ta yawo da asalin takardarsa daga wannan ofis zuwa wancan ana ce masa za a neme shi, sai ya jawo gwangwanin kunne. Bai taɓa faɗa wa mai kaya dalili ba. A wurinsa sauƙaƙa wa mutum ne, ba raini ba. Kuma duk sanda aka juya kunne yakan bar ɗan zane kamar jinjirin wata a jikin kwalin, shi ya sa in aka dawo masa da firam gyara, yana juya bayansa yake sanin irin takalmin da mai shi ya kashe a hanya.

A gidansa mutum ɗaya ce ta san wannan, ita ce Auta. Tun tana aji uku take zuwa shagon bayan an tashi makaranta. Rabin lokacinta tana yanka masa kwali, rabi tana maƙwabta wurin Mai Agogo, wanda ya ba ta tsohon agogon bango ta kwance tun tana shekara tara. Ta mayar da shi daidai, sai ƙusa ɗaya da ta rage, kuma har yau Mai Agogo na rantsuwa cewa dama can ƙusar ba ta da aiki.

Takardunta biyu suka fito a mako ɗaya, kuma duka a shagon mai fotokwafi aka buga su, don haka kafin ta ƙaraso da su wurin babanta rabin layin ya ji. Babbar jami'a ta ɗauke ta, amma ba a fannin haɗa magunguna da ta nema ba. Maki huɗu ta rasa, sai aka tura ta nazarin zamantakewar al'umma. Kwalejin kuwa ta ba ta abin da ta rubuta. Duka biyun sun sa wa'adi rana ɗaya: Litinin ta sama, kafin ƙarfe huɗu.

Mai Agogo ya leƙo da ɗan madubin aikinsa maƙale a ido.

"Mai Firam, yau kam sai ka saya wa layi shayi."

"Kai da ko ruwa ba ka taɓa saya wa mutum ba?"

"Ni na koyar da ita, kai haihuwa kawai ka yi. Kowa ya yi nasa."

Mai Firam ya yi dariya, amma idonsa na kan takarda ta farko. Ya shafa tambarin jami'ar da babban yatsa, ko da yake wannan bugun inji ne, ba shi da tudu irin na gaske. Ta biyun ya duba sau ɗaya ya ajiye a gefen tebur, ya ɗora wuƙar yankan gilashi a kai don kada iska ta kwashe ta.

Ya sa takardun wannan jami'a a firam fiye da dubu. Ya san girmansu ba sai ya auna ba: santimita arba'in da biyu a tsaye, talatin a kwance, sun fi na kowace makaranta girma. Ya san nauyin takardar, ya san jan hatimin da ke ƙasa wanda in ba ka sa kwali mai kauri ba yake manne wa gilashi. Ko ɗaya daga ciki bai taɓa kwana a gidansa ba. Yayyen Auta biyu duk a sakandare suka tsaya, babban yana tuƙin motar kaya, ta biyun tana da shagon ɗinki, kuma ba ya jin kunyarsu. Amma shekara shida da suka wuce, da aka rushe wani tsohon ɗakin karatu, ya sayi guntun ƙyauren ƙofarsa, baƙin katako mai nauyi, ya yanka shi arba'in da biyu da talatin, ya haɗa, ya goge, ya naɗe a jarida ya ɗora saman kabad. Gaban ya gama tun lokacin. Baya ne kawai ya rage.

Ranar Laraba, Auta ba ta nan, ya sauko da shi ya ƙarasa bayan. Mai Agogo na zaune a bakin ƙofa suna musu a kan wasan ƙwallon jiya, ko bugun fanareti ne ko alƙalin wasa ne ya ci amana. Bakinsa na musu, hannunsa na aiki. Da ya gama ya sake naɗewa ya mayar saman kabad.

Washegari da safe, suna karyawa, Auta ta ce kwalejin take so.

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Wace kwaleji? Wadda mai fotokwafi sai da ya tambaye ki sau biyu yadda ake rubuta sunanta?"

"Baba, abin da nake so ne suke koyarwa."

"Suna linzami ne, Auta. Ki ce kin fito daga jami'ar nan, kafin ki rufe baki an jawo miki kujera. Waɗanda za ki zauna da su a aji, gobe su ne a manyan ofisoshi. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai."

"To in an jawo min kujerar, me zan ce na iya?"

"Za ki koya. Kowa a wurin aiki yake koyon aiki."

Ummanta tana ɗaure ɗankwali a bakin ƙofa, za ta fita. Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin wanki na wani asibiti, kuma ba ta cika sa baki a maganar karatu ba.

"Malam, ni dai zannuwan gadona goma sha huɗu ba su dawo wanki ba tun bara," in ji ta.

"Me ya haɗa zanin gado da jami'a?"

"Suna can a baranda ta baya an lulluɓe injina da su. Na ɗumama jarirai uku, na numfashi biyu, sauran ban san sunansu ba. Mai gyaransu mutum ɗaya ne, daga nesa yake zuwa, wata huɗu-huɗu. In ya zo, shugaban asibiti da kansa ke fita tarbarsa. Ni ban taɓa jin an tambaye shi makarantar da ya yi ba."

"Ke dai zannuwanki kike nema."

"Ƙwarai kuwa. Kowa da abin da ya dame shi, Mai Firam." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Bai ce ta yi ƙarya ba. A hanyar shago ya yi ta juya maganar, sai ya ga akwai abin da bai faɗa ba, wanda kuma ba zai iya faɗa a gaban 'yarsa ba. Shekara ashirin da shida yana goge gilashin 'ya'yan wasu. Iyaye kan shigo da takarda a hannu biyu kamar jariri, su ce masa ya yi a hankali, shi kuma ya ce musu Allah ya sa albarka. Yana so sau ɗaya a ce masa shi ma.

Ranar Juma'a da hantsi wani matashi ya shigo da firam a hammata. Mutanen layin Farfesa suke ce masa, sunan da Mai Agogo ya laƙaba masa, shi kuma ya karɓa ba fushi. Shekara huɗu ke nan da ya gama babbar jami'a, yanzu yana koyar da yara darasin yamma a wani ɗaki da ya kama.

"Baba, kunne ɗaya ya karye," in ji shi. "Ina da intabiyu ranar Talata, kar takardar ta faɗo min a mota."

Mai Firam ya juya firam ɗin. Zanen da ke kwalin ya daina kama da jinjirin wata, ya zama rami. Ya kwance karyayyen ya fara neman sabo a gwangwani. Auta na can ƙarshen tebur tana yanka kwali.

"Yaya Farfesa, in tambaye ka?"

"Tambayi, ƙanwata. Tambaya ce kaɗai nake da ita kyauta."

"Da za a mayar da kai baya, za ka sake shiga jami'ar?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya. "Kin ga, sunan jami'ar nan ba ƙarya ba ne. Duk inda na aika takarda ana kirana. Abokina da ya yi wata ƙaramar makaranta ko kiran ba ya samu. Ni ina shiga ɗakin, a ba ni ruwa, a yaba makarantata, wani ma ya ce nan ya yi. Sai a zo kan me za ka yi mana ranar Litinin da safe. Nan ne nake fara kallon fanka."

"To ka ji," in ji Mai Firam, bai ɗago ba. "Ana kiransa."

"Na ji, Baba," in ji Auta. "Na ji duka."

Farfesa ya kalli uban, ya kalli 'yar, ya gane ya shigo tsakiyar wata magana. Ya karɓi firam ɗinsa ya sa hannu a aljihu, Mai Firam ya girgiza kai ya ce ya je, Allah ya ba da sa'a.

Bayan ya fita, Auta ta ce, "Kai ka sa masa kunne tun ranar farko."

"Ni ba boka ba ne," in ji Mai Firam. "Kar ki ɗauki hannuna ki mai da shi littafi. Akwai wata da ta karanta tarihi a jami'ar nan, na sa mata kunne. Bayan shekara tara ta dawo a mota da direba, wai gilashi ya tsage. Na juya baya, kwalin fes, ko sau ɗaya ba a buɗe ba. Wani malaminta ne ya kira wani, a makon farko ta samu aiki. Akwai kuma wanda ya yi aikin jinya a wata ƙaramar makaranta, na manne masa da gam ina murna. Wata biyu ya dawo muka yage shi tare, don duk inda ya je sai an ce ba a san makarantar ba, a kawo asali a gani. Wannan fa?"

"Sau nawa ka yi kuskure irin haka?"

Ya ɗauki tsumma ya shiga goge gilashin da ya riga ya goge. Ita ma ta koma kan kwalinta.

Ranar Asabar ya yanke shawarar fito da makaminsa na ƙarshe. Bayan azahar, layin ya yi shiru, ya kira Mai Agogo ya zo ya zama shaida. Ya taka kujera ya sauko da ƙunshin, ya ajiye a gaban Auta.

"Buɗe."

Ta warware jaridar. Katakon ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, kusurwoyinsa huɗu sun haɗu ba ka ganin layi. Mai Agogo ya cire madubin idonsa ya yi fito.

"Kai, Mai Firam! Ashe ka iya aiki, mu kake yi wa na banza?"

"Shekara shida yana jiranki," in ji Mai Firam. "Arba'in da biyu da talatin. Takarda ɗaya ce tak take shiga nan."

Auta ta daɗe tana kallo. Ta bi gefen da yatsa, ta ɗaga shi ta ji nauyinsa. Idonta ya kawo ruwa, ta kau da kai. Sannan ta yi abin da shi ya koya mata tun tana ƙarama, cewa ba a yaba firam sai an ga bayansa. Ta juya shi.

Kunne takwas ne, sababbi, biyu a kowane gefe.

Ta taɓa ɗaya da farce, ya juya ba ƙara.

"Baba," in ji ta a hankali, "kunne ka sa min."

Ya karɓi firam ɗin ya duba. Ya tuna Laraba, ya tuna musun fanareti, ya tuna ya share garin katako daga tebur. Bai tuna ya jawo gwangwanin ba.

"Ai takardar ba ta zo ba tukuna," in ji shi. "Dole a bar shi yadda za a iya buɗewa."

"Firam ɗin da ke jiran takarda salatif biyu kake sa masa. Ga su can guda uku a jingine." Ta nuna bango da haɓa. "Ba ka huda katako sai ka gama yanke shawara. Kai ka ce min rami ba ya komawa."

Mai Agogo ya buɗe baki zai yi tsokana, ya dubi fuskar abokinsa, ya mayar da madubinsa ido ya ce ya bar wani agogo a buɗe, ƙura za ta shiga. Ya fita.

Mai Firam ya zauna a kan kujerar da ya taka. Ya ɗora firam ɗin a cinya, bayansa a sama. Ramukan takwas sun fita daidai, kowanne a inda ya kamata, aikin mutumin da ya san abin da yake yi. Katakon da ya hana kowa taɓawa shekara shida, shi da kansa ya huda.

"Sabo turken wawa," in ji shi can. "Ni saman takardar na karanta. Hannun nan ya karanta ƙasa."

Auta ta durƙusa a gefensa. "Baba, ban ce jami'ar ba ta da kyau ba. Kuma ban ce karatun banza ne ba, akwai waɗanda aka yi domin shi. Ni dai in na ga abu ya lalace, hannuna ƙaiƙayi yake yi. Amma in ka ce can zan je, wallahi zan je, kuma zan yi karatu da gaske. Ba zan sa ka ji kunya ba."

Ya san gaskiya take faɗa, kuma wannan ne ya fi masa nauyi. Da ta yi taurin kai da ya samu abin turewa. Yanzu kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta kai ta shekara huɗu a ajin da ba ta nema ba, domin ya rataye takarda a bangon shago.

"Ina ɗaya takardar?" in ji shi.

Tana nan inda ya ajiye ta, ƙarƙashin wuƙar gilashi, har ƙasan kofin shayi ya bar mata zobe a gefe. Auta ta miƙo masa. Ya sa tabarau ya karanta ta yadda yake karanta na mutane, daga ƙasa. Ya daɗe a layin.

"Na taɓa sa takardar makarantar nan a firam," in ji shi. "Sau uku kacal, a shekara ashirin da shida."

"Me ka sa musu?"

"Gam."

"Sun dawo?"

"Ba su dawo ba. Amma uku ba lissafi ba ne, Auta. Wataƙila aiki suka samu, wataƙila garin suka bari, wataƙila wani mai firam suka kai wa ya yage. Ban sani ba." Ya ninke takardar a inda take da ninki. "Gani ya kori ji. Ranar Litinin tare za mu. In na ga abin da bai yi min ba, motar rana za mu shiga mu wuce jami'a kafin ƙarfe huɗu. Kin yarda?"

"Na yarda, Baba."

Da yamma ya ba matarsa labari a taƙaice, ya tsallake maganar kunne. Ta saurara tana ninke kaya.

"Mai Agogo ya riga ka," in ji ta. "Ya tare ni a hanya. Takwas, ko?"

"Wannan mutumin bakinsa ya fi agogonsa gudu."

"Ka bar shi. Da ma ni na san hannunka ya fi ka gaskiya, shi ya sa na aure ka." Ta miƙa masa farar rigarsa da ta goge. "Sa wannan ranar Litinin, kar su ɗauka kai ne sabon ɗalibin."

Kwalejin gini biyu ce da fili a tsakiya, bayan tashar mota, ana jin kiran 'yan kamasho daga cikin aji. Fentin ƙofar ya koɗe, harafi ɗaya na sunan makarantar ya faɗi. Mai Firam ya ga wannan. Ambulan biyu ne a hannunsa, na kwaleji a sama, na jami'a a ƙasa.

Wata malama mai sukundireba a aljihun riga ta zagaya da su. Ɗakin aikin dogo ne, tebura a jere, a kan kowanne akwai inji da aka buɗe cikinsa. Ɗalibai biyu suna sunkuye a kan akwatin ɗumama jarirai, ɗaya na riƙe da fitila, ɗaya na karanta lambobi da ƙarfi. Ba wanda ya ɗago ya kalle su. Mai Firam ya lura cewa kowace ƙusa da aka kwance an jera ta a kan farin ƙyalle bi da bi, yadda aka ciro ta. Ya lura kuma Auta ta sa hannayenta biyu a baya ta riƙe ɗaya da ɗaya.

"Malama, ɗalibai nawa kuka yaye bara?"

"Talatin da ɗaya."

"Nawa ke aiki?"

Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta shiga ofis ta fito da takarda, ta karanta masa adadin kamar yadda yake.

"In suka je neman aiki, ana sanin sunan makarantar nan?"

"A asibitocin da ke kusa, ana sani. In suka yi nisa, sai sun yi bayani. Wasu kuma sai an ba su inji an ga abin da za su yi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya roƙi abin da ta ce ba wani uba da ya taɓa roƙa: a nuna masa samfurin takardar shaidar da suke bayarwa. Ta kawo. Ya zaro awo daga aljihun farar rigarsa ya auna: talatin ba kaɗan a tsaye, ashirin da ɗaya a kwance, girman takardar fotokwafi. Ba jan hatimi, tambarin ma bugun inji ne. Ya riƙe ta a hannu biyu na ɗan lokaci kafin ya mayar.

Ƙarfe tara da ashirin ya miƙa wa Auta ambulan na sama. Na ƙasan ya ninke ya sa a aljihu. A teburin rajista bironta ya ƙi rubutu, ya ba ta nasa, wanda yake sa alama da shi a kwali.

Shi kaɗai ya dawo a motar rana, domin ɗalibai sababbi za su kwana biyu ana nuna musu wuri. Ya buɗe shago ƙarfe uku. Da huɗu ta buga a agogunan maƙwabcinsa, duka goma sha ɗaya, kowanne a lokacinsa, yana tsaye yana yanka gilashin wani madubi, kuma bai tsaya ba.

Mai Agogo ya leƙo. "To, uban injiniya. Yaya za ka yi da baƙin katakon?"

"Ya yi mata girma. Santimita goma sha biyu a tsaye, tara a kwance."

"Ka rage shi mana."

"In na rage, ramuka huɗu za su tafi, huɗu su rage."

"To gam za ka sa ko kunne?"

"Ta kawo takardar tukuna."

Firam ɗin yana saman kabad a cikin jaridarsa, ba a rage shi ba, ba a kuma cire kunnuwan ba. Farfesa ya je intabiyunsa ranar Talata, an ce za a neme shi. A cikin ɗalibai talatin da ɗaya da kwalejin ta yaye bara, goma sha tara suna aiki, bakwai suna jira, biyar kuma makarantar ba ta san inda suke ba.